Yaron da ya dawo daga daji, wa zai karɓe shi?

Ranar 10 ga Disamba 2014, bama-bamai suka tashi a Kantin Kwari, kasuwar da 'yan tireda daga Ɗanbatta da Kazaure ke zuwa sarin atamfa. 'Yan mata aka turo. Ɗaya daga cikinsu, 'yar shekara 13, ta ƙi tayar da nata, aka kama ta da rauni a jiki. Da 'yan sanda suka gabatar da ita ga manema labarai, sai ta ce mahaifinta ne ya miƙa ta ga 'yan Boko Haram. Bayan kusan shekara uku, hukumar UNICEF ta ce daga Janairu zuwa Agustan 2017 kaɗai an ɗaura wa yara 83 bam a arewa maso gabas, 55 daga cikinsu mata.

Ba ɓangare ɗaya ne ya sa yara a yaƙin ba. 'Yan kato da gora na Maiduguri, waɗanda suka tashi don kare unguwanninsu, su ma sun ɗauki yara suna tsaron shinge da leƙen asiri. A Satumban 2017 suka sa hannu a yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su daina, suka saki yara 833 a Oktoban 2018, suka ƙara 894 a Mayun 2019. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, domin garinsu yana kallonsu a matsayin jarumai. Wahalar tana kan yaron da ya fito daga ɗaya ɓangaren. Ya tsere ko sojoji sun kuɓutar da shi, ya iso ƙofar gida, sai maƙwabta su janye 'ya'yansu, a ƙi cin abinci da shi, yarinyar da ta dawo da goyo kuma a riƙa ce mata annoba.

A nan ne aikin wasu Kiristocin arewa ya cancanci a tsaya a duba shi. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda ta samo asali a Garkida a 1923, ta sha wuya ƙwarai a wannan rikici. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Cocin tana da tsohuwar koyarwa ta ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa, kuma ba ta sake ta ba a lokacin da aka fi jarraba ta. Dakta Rebecca Dali, matar tsohon shugaban cocin, ta yi amfani da cibiyarta ta CCEPI wajen karɓar mata da yaran da suka dawo daga hannun Boko Haram, Musulmi da Kirista, tana koya musu sana'a, tana kuma bin danginsu da lallashi har su yarda su karɓe su. A 2017 aka karrama ta da lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Geneva. Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne, mai lallashin tana cikin waɗanda aka zalunta. Wanda aka ƙona wa gida ba zai iya ce mata ba ta san zafin ba.

A Yola ma Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar cocin Saint Theresa ga dubban 'yan gudun hijira a 2014, daga baya ya gina musu gidaje, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Yaron da ke da ɗaki da makaranta da abin kaiwa baki ya fi wuyar ruɗa da alkawarin babur ko kuɗi.

Uganda ta riga mu shiga wannan hali. Joseph Kony, wanda shi ma da sunan addini ya fake, ya gina rundunarsa ta LRA da yaran da ya sace. A Oktoban 1996 mayaƙansa suka kwashe 'yan mata 139 daga makarantar Aboke, sai Sista Rachele Fassera ta bi sawunsu cikin daji da ƙafa, ta roƙi kwamandan har ya sako mata 109. A 2003 Babban Bishop John Baptist Odama na Gulu ya bar gidansa ya kwana a titi tare da yaran da ke gudowa gari kowane dare don tsoron sacewa. Ƙungiyar shugabannin addinin Acholi, wadda ta haɗa Kiristoci da Musulmi, ita ta matsa har aka yi dokar afuwa ta shekarar 2000.

Afuwa ba ta warware komai ba. Dominic Ongwen yaro ne aka sace shi a hanyar makaranta, ya girma ya zama kwamanda, kotun duniya ta yanke masa shekara 25 a 2021. Waɗanda ya kashe wa dangi suna da haƙƙi, kuma duk mai wa'azin yafiya da bai saurari kukansu ba, ya ƙara musu ciwo. Amma tsakanin kwamanda ɗan shekara 30 da yaro ɗan shekara 12 akwai tazara, kuma ba Kirista kaɗai ya san da ita ba. Annabi (SAW) ya mayar da Abdullahi ɗan Umar gida ranar Uhudu saboda shekarunsa 14, kuma malaman fiƙihu ba sa ɗora wa yaro hukuncin baligi.

Me ya haɗa wannan da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, kowa ya san ɗan kowa? Tun kaka da kakanni ƙauyukan arewacin Kano suna tura yara gabas neman karatu, wasu kuma su fita cirani da rani, ba mai sanin hannun da za su faɗa. Daga yamma kuma, 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina, waɗanda ake ganin ƙananan yara riƙe da bindiga a cikinsu, sun fara taɓa ƙananan hukumomin Kano na bakin iyaka irin su Shanono da Tsanyawa.

A takarda akwai tanadi. A Satumban 2022 gwamnatin tarayya ta amince cewa duk yaron da jami'an tsaro suka kama a fagen yaƙi za a miƙa shi ga hukumomin farar hula cikin kwana bakwai, Kano kuma ta samu dokar kare yara a 2023. Borno tana da cibiyar Bulumkutu a Maiduguri, inda ake ajiye irin waɗannan yara a duba lafiyarsu kafin a nemo danginsu. Amma jami'i iyakarsa ƙofar gida. Daga nan maganar ta koma hannun mai unguwa da dagaci da liman da fasto, da kuma kawun da zai yanke shawarar ko yaron zai kwana a zaure ko a cikin gida. Su ne ya kamata hakimai da majalisar malamai da shugabannin coci na Kano su zauna da su tun yanzu, su gayyato mutanen Borno da Adamawa da suka yi aikin da hannunsu su faɗa musu yadda ake yi.