Willow: magen da ta ɓata a Kolorado, aka tsince ta a New York

Shekara biyar kafin a tsince ta, Willow 'yar mage ce ƙarama mai launi uku, fari da baƙi da ruwan goro, tana zaune a gidan wasu iyali a garin Broomfield na jihar Kolorado a Amurka. Ana cikin gyaran gidan ne masu aiki suka bar ƙofa a buɗe, ta sulale ta fice, ba wanda ya lura.

Masu gidan sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun manna takardun cigiya a unguwa, sun sa sanarwa a intanet, shiru. Yankin nasu a gindin duwatsun Rocky yake, kuma cike yake da koyote, wani karen daji mai kama da dila, ga manyan mujiyoyi da ke iya sure ƙaramar dabba. Willow kuwa nauyinta bai wuce kilo biyu da rabi ba. Da kwanaki suka ja, sai suka haƙura, suka ɗauka namun dajin sun cinye ta. Daga baya ma suka tashi daga gidan, suka koma garin Boulder.

A watan Satumban 2011 wani mutum ya ga wata mage tana yawo a titi na 20 da ke gabashin Manhattan, a tsakiyar birnin New York. Ya ɗauke ta ya kai ta gidan kula da dabbobin da aka tsinta, na hukumar Animal Care & Control. Ma'aikatan suka yi abin da suke yi wa kowace dabba da aka kawo musu: suka ɗauko wata na'ura ta hannu, suka bi da ita ta kan kafaɗun magen. Lamba ta bayyana. Suka nemi lambar a rajista, sai ga sunan masu ita da lambar wayarsu, a jihar da ke nesa da su da fiye da mil 1,600, wato sama da kilomita 2,500.

Da aka kira maigidan, shi da matarsa ba su yi saurin faɗa wa yara ba, sai da aka turo musu hoto. Suna gani suka gane fuskarta.

Abin da na'urar ta karanta a jikin Willow shi ne maikirocif, wata 'yar ƙwayar shaida da aka sa mata tun tana jaririya. Girmanta kamar ƙwayar shinkafa, tsawonta kusan milimita 12, an rufe ta da wani irin gilashi da jiki ba ya ƙyama. Ba ta da batir, ba ta fitar da komai, kwance kawai take a ƙarƙashin fata har sai na'urar karantawa ta matso kusa. Igiyar rediyon da na'urar ke fitarwa ita ce ke ba ta ɗan ƙarfin da za ta maido da lambarta, wadda a tsarin da yawancin ƙasashe ke bi take da alƙaluma 15. Mutane da yawa suna zaton ƙwayar tana nuna inda dabba take, kamar yadda waya ke nuna wuri a taswira. Ba ta yin haka. Shi ya sa iyalin Willow suka yi shekara biyar ba su da labarinta, ga ƙwayar kuwa lafiya lau a jikinta.

Tambayar da ke hana wasu masu mage kai ta wurin likitan dabbobi ita ce ko abin da zafi. Gaskiya akwai zafi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Allurar ta fi ta rigakafi kauri, tunda ƙwayar ta cikinta za ta bi. Likita yakan kama sakakkiyar fatar da ke tsakanin kafaɗu ya ɗaga ta, ya soka allurar a ƙarƙashinta, ya tura ƙwayar, ya zare, sannan ya bi wurin da na'ura don ya tabbata lambar na fitowa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Wata magen takan zabura ta yi ƙara sau ɗaya, wata ko juyowa ba ta yi, musamman idan an ajiye mata abinci a gaba. Ba a buƙatar maganin sa barci, amma likitoci da yawa sukan haɗa aikin da ranar da za a yi wa magen tiyatar hana haihuwa, tana barci a sa mata, ta farka ba ta san an yi ba. Akan samu ƙwayar ta gusa daga inda aka sa ta, shi ya sa ake bin duk jikin dabba da na'urar ba kafaɗu kaɗai ba. Kumburi ko ƙari a wurin allurar yana faruwa, amma da wuya ƙwarai idan aka kwatanta da miliyoyin dabbobin da ke ɗauke da ita.

Amfanin kuwa an auna shi. A 2009 wata likitar dabbobi a Jami'ar Jihar Ohio, Linda Lord, ta wallafa bincike tare da abokan aikinta kan dabbobi sama da 7,700 da suka shiga gidajen tsintuwa 53 a Amurka. Maguna marasa ƙwayar, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne ke komawa hannun masu su. Masu ƙwayar, kashi 38.5. Ga karnuka bambancin bai kai haka ba, daga kusan kashi 22 ne zuwa 52, kuma dalilin a fili yake: kare yakan yawo da abin wuya mai suna, in ya ɓata a ranar ake fita nemansa. Mage kuwa an saba da yawonta, sai ta kwana biyu ba a gan ta ba kafin hankali ya tashi, kuma wanda ya gan ta a titi yakan ɗauka ba ta da kowa.

Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan binciken shi ne sauran, waɗanda aka karanta lambarsu tsaf amma ba su koma gida ba. Babban dalili shi ne lambar wayar da ke cikin rajista ta daina aiki ko kuma ba daidai ba ce. Wasu kuma an sa musu ƙwayar amma ba a taɓa yi musu rajista ba. An soka wa dabba allura, ta sha zafinta, mai ita ya kasa cike takarda. A nan ne iyalin Willow suka burge ni. Sun riga sun fid da rai da ita, sun ɗauka ta mutu, amma da suka ƙaura zuwa Boulder sai suka sabunta bayanansu a wurin kamfanin rajistar. Da ba su yi ba, da ma'aikacin New York ya karanta lambar, ya buga waya, ya ji ba ta shiga, Willow ta shiga layin magunan da ke jiran wanda zai ɗauka.

Ingila ta mayar da abin doka. Tun daga ranar 10 ga Yunin 2024, wajibi ne a sa wa mage ƙwayar kafin ta cika mako 20, kuma a riƙa sabunta bayanan mai ita. Wanda aka samu bai yi ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi, tarar na iya kaiwa fam 500.

Willow dai da aka duba ta a New York, lafiyarta ƙalau, ta yi ƙiba fiye da lokacin da ta ɓata, kuma ba ta gudun mutane, alamar akwai hannun da ya ciyar da ita a wani ɓangare na waɗannan shekarun. Labarinta ya bazu a jaridu da gidajen talabijin, har shirin Today na tashar NBC ya kawo iyalin zuwa New York don su karɓe ta. Manyan yaran biyu sun tashi tare da ita, sun san ta. Autar gidan, mai shekara uku, ba a ma haife ta ba lokacin da magen ta fice, a New York ta fara ganinta.