Jihar Bahar Maliya: Yadda Ƙofar Kartum Ta Zama Mazaunin Gwamnati

A cikin jihohi 18 na ƙasar Sudan, Jihar Bahar Maliya ce kaɗai ta taɓa teku. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 200,000, wato ko an haɗa Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Sakkwato da Kebbi wuri guda ba za su kai ta ba. Ta yi iyaka da Masar ta arewa, da Eritiriya ta kudu, da jihohin Kogin Nilu da Kassala ta cikin ƙasa. Ta gabas kuwa ruwa ne mai tsawon gaɓa fiye da kilomita 700, birnin Jidda na tsallake.

Girman nata bai zo da ni'ima ba. Bakin tekun siririn fili ne mai zafi da gumi, wanda ɗan ruwan saman da yake samu kan sauka ne a lokacin sanyi. Bayansa jerin tsaunuka ne, wasu sun wuce mita 2,000, a kansu garuruwan Sinkat da Arkawit suke, inda ake gudun zafin bazara. Daga nan sai hamada har Nilu. Babu kogi ko ɗaya mai ruwa duk shekara, sai koramun da kan cika su ƙafe. Biyu ne suka fi muhimmanci: Baraka, wadda ke gangarowa daga Eritiriya ta malale a fadamar Tokar inda aka daɗe ana noman auduga da dawa, da kuma Arba'at, wadda birnin Port Sudan ke sha daga gare ta. Mutanen ƙasar na asali su ne Beja, makiyayan raƙuma da awaki, da suka haɗa da Hadandawa da Amarar da Bishariyin, sai Bani Amir a kudu, sai Rashaida da suka tsallako daga ƙasar Larabawa a ƙarni na 19.

Tun fil azal arzikin wannan yanki na wucewa ne. Tsohuwar tashar Aizab ta yi zamaninta da alhazan Masar da na Magrib, matafiyi Ibn Jubair ya bi ta can a 1183. Bayan ta mutu sai Suwakin ta gaje ta, ta shiga hannun Turkawa a ƙarni na 16, sannan Masar ta karɓe ta a 1865. Ta nan ne dubban Hausawa da Fulani da Barebari suka riƙa tsallakawa Makka bayan sun taka ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur zuwa Umdurman. Da yawa kan tsaya su yi shekaru suna noma da ƙwadago don tara kuɗin jirgi, wasu kuma ba su tafi ba, ba su koma ba. Zuriyarsu na nan a garuruwan gabashin Sudan har yau. A kewayen Suwakin ɗin ne kuma Usman Digna, kwamandan Mahadi, ya gwabza da sojan Ingila a Teb da Tamai a 1884.

Turawa ne suka kashe Suwakin, ba da bindiga ba. Mashigarta ƙunci gare ta, murjani ya tsuke ta, manyan jiragen tururi ba sa iya shiga. A 1905 suka fara gina sabuwar tasha a Marsa Shaikh Bargut, kimanin kilomita 60 arewa, layin dogo daga Atbara ya iso bakin teku a 1906, aka buɗe Port Sudan a 1909. 'Yan kasuwa suka kwashe, benayen Suwakin da aka gina da dutsen murjani, masu tagogin katako da ke leƙo titi, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka kammala madatsar Sannar a 1925, audugar Jazira ta fara bin jirgin ƙasa zuwa teku, tsarin da ya ɗore ke nan: ana nomawa a tsakiya, ana lissafin kuɗin a Kartum, ana lodi a gabas. Man fetur ma hanyar ya bi. A 1999 bututu mai tsawon kimanin kilomita 1,600 ya haɗa rijiyoyin Hijlij da tashar Basha'ir, kudu da Port Sudan.

Rabon Beja a wannan ciniki shi ne dako. Fari da yunwar 1984 zuwa 1985 sun cinye dabbobinsu, suka tuɗaɗo gefen Port Sudan suka kafa unguwannin katako da kwano, mazan na ɗaukar buhu a tasha. Da kwantena da injin ɗaga kaya suka zo, dakon ma ya ja baya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kukan nan ne ya haifi ƙungiyar Beja Congress tun 1958, shi ne kuma ya fito da masu zanga-zanga a Port Sudan a ƙarshen Janairun 2005, inda jami'an tsaro suka harbe sama da mutum 20. Yarjejeniyar zaman lafiyar gabas da aka sa wa hannu a Asmara a Oktoban 2006 ta kashe wutar tawaye, ta raba muƙamai, amma talaka bai gani a ƙasa ba.

Abubuwa da dama ne suka taru suka ɗaga darajar jihar a shekarun baya-bayan nan. Ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, sai baitulmali ya koma dogaro da kuɗin haya na bututu, da zinariya, ciki har da ta mahaƙar Hassai da ke tsaunukan jihar, da dabbobin da ake kaiwa Saudiyya. Girman cinikin dabbobin ya bayyana a Yunin 2022, lokacin da jirgi ɗaya ya nitse a tashar Suwakin da tumaki fiye da 15,000. Sannan ƙasashen waje sun sa ido. Shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci Suwakin a Disambar 2017 aka ba ƙasarsa aikin farfaɗo da tsibirin garin. Rasha ta fitar da daftarin kafa sansanin sojan ruwa a 2020. A Disambar 2022 aka ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 6 da kamfanonin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa don gina sabuwar tasha a Abu Amama, kodayake Sudan ta soke ta a 2024. Ga kuma tsohuwar rigimar Halayib, yankin da ya kai murabba'in kilomita 20,000, wanda Sudan ke lissafawa cikin wannan jiha bisa layin mulki na 1902, Masar kuma ke riƙe da shi tun tsakiyar shekarun 1990 bisa iyakar 1899.

Amma abin da ya fi sauya lissafi shi ne mutanen gabas sun gane ƙarfin da ke hannunsu. A Satumbar 2021 sarkin Hadandawa, Muhammad al-Amin Tirik, ya jagoranci rufe tasha da babbar hanya don ƙin amincewa da ɓangaren gabas na yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba. Cikin 'yan makonni alkama ta yi wuya, layin gidajen burodi ya miƙe a Umdurman da Kartum tun kafin asuba, magani da mai suka yi ƙaranci. Ranar 25 ga Oktoba soja suka kifar da gwamnatin Firayim Minista Abdalla Hamdok, ba da jimawa ba aka buɗe hanya. Ko da haɗin baki ko babu, darasin ya fito fili: Kartum, birni mai miliyoyin mutane, mai nisan kilomita kusan 800 daga teku ta layin dogo, yana rayuwa ne da izinin masu gadin hanya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya kai lamarin maƙura. Filin jirgin Kartum ya rufe, sai Port Sudan ta zama mafita. Jiragen ruwan Saudiyya suka yi ta kwasar baƙi zuwa Jidda, ɗaliban Nijeriya da dama ma daga nan aka ɗauke su zuwa Abuja. Ma'aikatu da Babban Banki da ofisoshin jakadanci da na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tare a Port Sudan, shugaban soja Janar Burhan kansa ya iso a Agustan 2023 bayan ya fita daga hedikwatar soja ta Kartum da aka yi wa ƙawanya. Riƙe teku ya ba soja abin da abokan faɗansu ba su da shi: kuɗin kwastan, hanyar shigo da makamai da mai, da kuma amincewar duniya.

Ga mutanen birnin, riba da asara sun zo a cakuɗe, kuma ba hannu ɗaya suka faɗa ba. Masu gidaje da otal da manyan motoci sun kwashi rabonsu, domin kuɗin haya ya ninninka. Wanda ba shi da gida kuwa ya tsinci kansa yana gogayya da ma'aikacin ƙungiyar agaji mai biya da dala. Makarantu sun cika da 'yan gudun hijira, asibitoci sun yi kaɗan, wutar lantarki na ɗaukewa a tsakiyar zafin da kan haura digiri 40. Tsaron da birnin ke taƙama da shi ma ya kau ranar 4 ga Mayun 2025, lokacin da jirage marasa matuƙa suka fara kai hari kan sansanin sojan sama na Usman Digna, suka bi da rumbunan mai waɗanda suka yi kwanaki suna ci da wuta.

Tun da soja suka ƙwace fadar shugaban ƙasa da filin jirgin Kartum a Maris ɗin 2025 hankalin gwamnati ya koma kan gyaran tsohon babban birni, wanda ke nuna cewa matsayin da Port Sudan ta samu aro ne. Ma'aunin abin da za a bar mata shi ne ruwan sha. A yawancin unguwanni har yanzu mai amalanken jaki ne ke zagayawa da ganga, yana sayarwa jarka-jarka, farashin na hawa duk bazara. A Agustan 2024 ambaliya ta fasa madatsar Arba'at, ta share ƙauyuka, ta kashe mutane da dama, ta kuma katse babbar hanyar ruwan birnin a daidai lokacin da ministoci ke zaune a cikinsa. Aikin janyo ruwan Nilu daga wajen Atbara, wanda gwamnatoci suka sha yin alkawarinsa tun zamanin Umar al-Bashir, bai kai ga famfon kowa ba, alhali bututun mai da ya fi shi nisa nesa ba kusa ba an gama shi tun 1999.