Daga jami'a zuwa ɗakin mai jego: Darasin da ƙauyukan Zariya suka koya mana

Ku ɗauki ledar ruwa guda ɗaya, irin wadda muke saya a bakin makaranta idan an fita tara. Rabin lita ne a cikinta. A wurin likitoci, duk macen da ta zubar da jinin da ya kai cikin wannan leda a cikin awa 24 bayan ta haihu, to ta shiga haɗari. Idan jinin ya ɓalle sosai ba a tsayar da shi ba, mace mai cikakkiyar lafiya za ta iya rasa ranta cikin awa biyu kacal. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya.

Da yawa daga cikinmu mun san gidan da aka yi suna da ta'aziyya a mako guda. Akwai ma waɗanda suke karanta wannan shafi a hannun kaka ko gwaggo suka tashi, saboda mahaifiyarsu ta tafi ranar da suka zo duniya. Shi ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu duba yadda wata jami'a tamu ta haɗa hannu da wata ta ƙasar waje da kuma mutanen karkara, suka tunkari wannan matsala a inda take faruwa.

Abin da alƙaluman asibiti suka nuna

Labarin ya samo asali ne tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya, aka wallafa sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su a galabaice. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana masu haihuwar fari da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa. Ya kuma nuna cewa matan da suka yi makaranta sun fi zuwa awo, sun fi tsira.

Ma'anar wannan ita ce, likita yana iya zama ƙwararre, ɗakin tiyata yana iya zama a shirye, amma tun daga gida ake rasa matar. A 1994 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Columbia da ke Amurka, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka tsara abin da ake kira jinkiri uku. Na farko, jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, kamar a ce maigida ba ya nan kuma babu mai ba da izini, ko a ɗauka jinin na ƙazanta ne gara ya fita. Na biyu, jinkirin isa asibitin, saboda rashin mota ko lalacewar hanya da damina. Na uku, jinkirin samun kulawa bayan an isa, saboda rashin ma'aikaci ko jinin ƙari. Biyu daga cikin ukun nan suna faruwa ne tun kafin a taka ƙofar asibiti.

Ƙwayoyi uku

Domin mu fahimci maganin, sai mun san yadda jinin yake zuba. A lokacin goyon ciki, mabiyiya tana manne da bangon mahaifa, jijiyoyin jini masu yawa suna kai wa jariri abinci ta cikinta. Da zarar an haihu mabiyiya ta rabu, bakin jijiyoyin nan yana nan a buɗe. Allah cikin ikonsa Ya sa mahaifa takan tsuke da ƙarfi ta matse su, sai jinin ya tsaya. Idan mahaifar ta saki ta ƙi tsukewa, jini zai yi ta kwarara.

A asibiti akan yi wa mai haihuwa allurar oksitosin domin mahaifa ta tsuke. Ita ce ta fi inganci, sai dai tana buƙatar wanda ya iya allura, kuma zafi yana rage mata ƙarfi, don haka ana son a ajiye ta a firji. To ƙauyen da ba wuta ba ma'aikacin jinya fa? A nan ne maganin misofrostol ya shigo. Ƙwaya ce da ake haɗiya, ba ta buƙatar firji, kuma guda uku ake sha da zarar jariri ya fito. A 2006 Najeriya ta yi masa rajista domin magance zubar jini bayan haihuwa, a 2011 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna domin kare mata daga wannan matsala.

A nan dole mu ja kunne. Wannan magani ba na shiga kemis a saya a sha ba ne. Idan aka sha shi jariri yana ciki, zai iya fasa mahaifa ya kashe uwa da ɗa. Ko bayan haihuwa sai an tabbatar babu wani jaririn a ciki, wato ba tagwaye ba ne. Yakan kuma kawo rawar sanyi da zazzaɓi na ɗan lokaci. Wannan ne ya sa masana da dama suka yi ta tambaya: za a iya damƙa shi a hannun mutanen ƙauye, su yi amfani da shi daidai?

Zama a kan tabarma

A 2009 malaman Sashen Lafiyar Al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Farfesa Clara Ejembi, da takwarorinsu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, suka gwada amsa wannan tambaya a garuruwa biyar da ke kewayen Zariya. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda suka fara. Kafin a raba ƙwaya ko guda, sai da aka yi ta zama da shugabannin garuruwan da zaɓaɓɓun mutanen gari ana tattaunawa. An yi tarukan faɗakarwa, an yi wasannin kwaikwayo. Daga cikin mutanen garuruwan aka horar da ungozoma 41, da masu wayar da kai 29, da masu ajiyar magani 27.

Ku lura da hikimar da ke cikin tsarin. Naƙuda ba ta duba agogo, tana iya zuwa ƙarfe biyu na dare. Idan maganin yana kulle a wani ofis a birni, ba shi da amfani. Idan kuwa yana hannun wani amintacce a cikin unguwa, ana iya aika yaro ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ita kuma ungozoma, wadda wasu 'yan boko ke yi wa kallon matsala, ita ce ke shiga ɗakin da likita namiji ba zai taɓa shiga ba, kuma maganarta mai jego take ji.

Mata 1,875 ne suka shiga binciken. Kashi 95 cikin 100 nasu a gida suka haihu, kashi 7 cikin 100 ne kawai suka haihu a hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya. Duk da haka, saƙon ya isa ga kashi 88 cikin 100, kuma kashi 79 cikin 100 sun samu kariyar maganin, wadda da ba su samu ba. Da aka tambayi matan daga ina suka fi samun bayani, ungozoma ce ta zo ta ɗaya, masu wayar da kai na gari suka biyo baya. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a inda babu ƙwararren mai karɓar haihuwa, ma'aikatan lafiya na cikin al'umma da aka horar za su iya ba da wannan magani.

Darasin a fili yake. Jami'a ta zo da ilimin magani da dabarar ƙidaya. Mutanen gari kuma su suka san gidan da ake naƙuda, suka san wanda za a ba amana, suka san kalmar da za a faɗa wa suruka ta yarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ɗakin haihuwa zuwa aji

Haɗin gwiwar jami'o'in biyu bai tsaya a kan magani ba. Kun tuna binciken Harrison ya nuna matan da suka yi makaranta sun fi tsira? Masu binciken sun koma wurin iyaye a ƙauyukan suna sauraron dalilin da ya sa ake cire 'yan mata daga makaranta. Ɗaya daga cikin manyan koke-koken shi ne yarinya ta shekara shida a firamare ta fito ba ta iya karanta wasiƙa ba. Uban da ya ga haka, da wuya ya ga amfanin ci gaba da kashe kuɗi.

Daga cikin wannan aiki aka samu Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya, wadda Hajiya Habiba Mohammed ta yi fice wajen jagoranta. Tsarinta shi ne a tara 'yan mata a ƙananan rukunoni a wani amintaccen wuri cikin gari da iyaye suka yarda da shi, wata malama mace ta riƙa koya musu karatu da lissafi, da kula da lafiya, da yadda za su bayyana ra'ayinsu a gida cikin ladabi. Idan yarinya ta iya karatu, ta ci jarrabawa, iyayenta sukan ƙara mata lokaci a makaranta. Ko da ta yi aure daga baya, za ta shiga ɗaki da ƙarin shekaru, ta iya karanta katin awo, ta san alamomin haɗari. Wata ma ita ce za ta dawo garin a matsayin ungozomar asibiti.

Ita jami'ar me take samu?

Kada mu ɗauka alfarma kawai ake yi wa ƙauye. Ɗalibin likita da bai taɓa ganin rijiyar da majinyacinsa ke sha ba, rabin likita ne. Tun a 1963 Jami'ar Ibadan ta fara shirin Ibarapa a garin Igbo-Ora, da tallafin Gidauniyar Rockefeller, inda ɗalibai ke zama cikin karkara suna koyon aiki. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool sun yi dogon bincike a yankin Malumfashi a kan cututtuka irin su tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Asibitin koyarwa na Zariya yana da cibiyar lafiya a Yakawada cikin Ƙaramar Hukumar Giwa, na Aminu Kano kuma yana da tasa a Kumbotso, inda ake tura ɗalibai su ga rayuwar jama'a da idonsu. Abin da suka koya a can ba ya cikin littafin da aka rubuta a Landan.

Inda gizo ke saƙa

Gaskiya ɗaya ce, irin wannan aiki yana da rauninsa. Yawanci da kuɗin tallafi ake yin sa, kuma tallafi yana da wa'adi. Idan ya ƙare gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma ba su karɓa ba, sai a wayi gari akwatin magani ya zama fanko. Su ma mutanen karkara sun gaji da baƙin da ke zuwa da takardun tambayoyi su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu. Haƙƙin duk wanda za a yi bincike a kansa ne a yi masa bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa, kuma yana da damar ya ce a'a.

Sannan ƙwaya uku rage haɗari suke yi, ba sa kawar da shi. Ba sa maganin jijjiga, ba sa maganin doguwar naƙuda da ke jawo yoyon fitsari, ba sa maye gurbin tiyata ko ƙarin jini. Awon ciki da haihuwa a hannun ƙwararru su ne dai abin da ake son kowace mace ta samu.

Ina gurbinmu?

Mu da muke sakandare muna da abin yi tun yau. Mu san alamomin da ke nuna a garzaya asibiti da mai ciki ko mai jego: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ko naƙudar da ta wuce awa 12. A gidaje da yawa mu ne masu karanta katin asibiti, mu ne masu riƙe waya. Idan yayarmu ko matar yayanmu ta kusa haihuwa, za mu iya tunatar da manya cikin ladabi a tanadi lambar mai mota da ɗan kuɗin mai tun kafin ranar.

Ga masu tunanin gaba kuma, ƙofofin suna da yawa. Mai son likitanci zai rubuta Ingilishi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar JAMB. Akwai makarantun jinya da ungozoma, akwai kwalejojin fasahar lafiya da ke horar da ma'aikatan lafiyar al'umma cikin shekara biyu ko uku. Ɗaliban ajin fasaha ma ba a bar su a baya ba, domin aikin Zariya ya buƙaci masu nazarin zamantakewa, da masu lissafin ƙididdiga, da masu tsara wasan kwaikwayo, da waɗanda suka iya mayar da bayanin likita zuwa Hausar da kaka za ta gane.

Yawancin malaman da suka zo daga Berkeley sai da tafinta suke magana da ungozoma. Mu kuwa a cikin harshen muka tashi, mun san yadda ake sallama a zaure, mun san wanda ake fara gaisarwa. Abin da ya rage mana shi ne ilimin, kuma shi ne muke zuwa nema kowace safiya da jaka a baya.