Ɗanƙwairo: Furodusan Da Bai Taɓa Buƙatar Situdiyo Ba

Gaisuwa ta musamman ga masu bibiyarmu daga Bodinga da Shagari. Yau hirarmu a kan Alhaji Musa Ɗanƙwairo ce.

Da yawanmu mun san muryarsa a TikTok, an ɗora ta kan bidiyon hawan sallah ko na ango da babbar riga. To amma wane ne shi?

An haife shi a Bakura wajajen 1907. Bakura tana Zamfara yanzu, amma kafin 1996 duk Jihar Sakkwato ce. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne a Maradun, don haka Musa gadon kiɗa ya yi. Sunan ma a gidan ya samo shi: akwai wani mai zaƙin murya cikin yaran mahaifinsa da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka ce Ɗanƙwairo.

Bai fara da shugabanci ba fa. Bayan rasuwar mahaifinsu, wansa Abdu Kurna ne ya riƙe ƙungiyar, shi kuma yana Daudun kiɗi, wato mataimaki. Shekaru ya yi yana amshi kafin duniya ta san shi, lokacin da ya zama mawaƙin Sardauna Ahmadu Bello ya yi masa “Mai Dubun Nasara”. Daga baya ya waƙe sarakuna da dama, har da Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

Me ya sa na kira shi furodusa? Ku saurari “Shirya Kayan Faɗa” da kunnen basira. Shi ke ƙirƙirar waƙar, shi ke tsara inda kotso zai shiga, shi ke ba 'yan amshi gindin waƙa. Yakan fara ɗan waƙa ya sake shi, su cafe su ƙarasa, wasu da siririyar murya, wasu da kauri. Abin da yau ake zama gaban kwamfuta ana jera murya kan murya, su a tsaye suke yin shi gaban sarki, kuma babu “a sake ɗauka”. Kun gane?

Ya rasu a 1991. Abin da ya rage mana shi ne wanda rediyo da kaset suka adana. Shi ke nan ya yi sa'a. Makaɗan noma da na dambe da zabiyoyin ƙauyukanmu fa?

Ku dubi Brazil. Mawaƙinsu Gilberto Gil, wanda ya zo Legas bikin FESTAC a 1977, ya riƙe ministan al'adu daga 2003 zuwa 2008. A zamaninsa gwamnati ta riƙa ba ƙananan ƙungiyoyin unguwanni kuɗi da na'urorin ɗaukar sauti, su adana al'adarsu da kansu.

Mu ba sai mun jira minista ba, wayar hannunmu ta isa. In akwai tsohon makaɗi a Sifawa ko Danchadi ko cikin Shagari, ku je ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku ɗauki waƙarsa, ku rubuta sunansa da na yaransa da wanda ya koya masa. In kun ɗora a intanet, ku sa sunan mai ita.

Ku faɗa mana a kwamen: wane makaɗi ne a garinku? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.