Su wane ne "masu kashe wutar rikici" a biranen Amurka?

Sau da yawa idan an yi harbe-harbe a Chicago ko Baltimore, sai a ji magajin gari na maganar ƙara musu kuɗi. Su wane ne?

'Yan unguwa ne da ake biya albashi don su hana ramuwar gayya. Ba sa ɗauke da makami, kuma ba sa kai wa 'yan sanda rahoto, domin ranar da aka ɗauke su 'yan leƙen asiri, aikin ya mutu. Da yawansu tsofaffin 'yan daba ne da suka yi zaman kurkuku, shi ya sa matasa ke jin maganarsu.

Likita Gary Slutkin ne ya fito da tsarin, bayan ya yi aikin yaƙi da annoba a Afirka. A ganinsa harbi yana yaɗuwa kamar kwalara, daga mutum zuwa mutum. An fara gwadawa a unguwar West Garfield Park ta Chicago a 2000, Baltimore ta bi sahu da shirin Safe Streets a 2007.

Da an harbi wani, sai su garzaya asibiti ko gidan makoki, su zauna da ƙanin mamaci da abokansa tun kafin wani ya ɗauko bindiga. Wani lokaci su fitar da yaro daga unguwa na kwana biyu har zuciya ta huce. Daga baya a nema masa aiki ko makaranta.

Sakamakon dai ba iri ɗaya ba ne: wasu unguwanni harbi ya ragu, wasu kuwa ba a ga canji ba. Aikin ma sai mai ƙarfin hali, don a Baltimore an bindige ma'aikata uku tsakanin 2021 da 2022.

Wata dokar tarayya ta 2022 ta ware wa irin waɗannan shirye-shirye dala miliyan 250.