Zaki da Inuwar Dalbejiya

Shekara uku ke nan da na karɓo Zaki, kwikwiyo ja mai farin wuya, daga hannun wani mafarauci a bayan Zariya. Don gadi na kawo shi, kamar yadda yawancinmu ke yi, na kuma ɗaure shi da sarƙa a tsakar gida inda babu inuwa. Wata rana a watan Afrilu na dawo na tarar da shi kwance, harshe waje, yana haki kamar ransa zai fita, kaskon ruwansa a kife. Kare ba ya gumi irin namu, da hakin nan yake sauke zafin jiki, kuma rana tana iya kashe shi. A ranar na mayar da shi gindin dalbejiya, na jefa dutse cikin kaskon don kada ya sake kifewa. Har yau abin yana damuna.

Wajen abinci kuwa, ragowar tuwo ba laifi, amma a kiyaye miya mai albasa, domin albasa tana lalata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza kuwa tsagewa yake yi ya soki hanji. Da damina ina duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska.

Abin da ba na wasa da shi shi ne allurar rigakafin haukan kare. Ana yi wa kwikwiyo ita da ya kai wata 3, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa ta a nan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, da yawansu yara ne, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Idan kare ya ciji yaro, ko ƙwarzane ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko jiran ganin abin da zai biyo baya.

Horo kuma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kalma uku na koya wa Zaki: zo, zauna, bari. Minti biyar kowace yamma, in ya bi sai na ba shi ɗan nama. Ban taɓa ɗaga masa sanda ba, don karen da aka saba duka tsoro yake koya, mai tsoro kuwa shi ke kai cizo.

Yaran unguwa ma sai da na horar da su: ba jifa, ba jan wutsiya, ba taɓa shi yana cin abinci. Ran nan wani ƙaramin almajiri ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Baba, in shigo?" Na ce da Zaki ya zauna, ya zauna, yaron ya wuce da kwanonsa.