MARAƊI: ƳAN SITAJI DAGA ƊAKIN BINCIKE ZUWA DANDALIN ƘAUYE

Duk wanda ya ratsa ta Tarna, daf da birnin Maraɗi, cikin watan Agusta, zai iske samari da ƴan mata da littafi a hannu, sun kutsa cikin hatsi suna jujjuya zangarniya ɗaya bayan ɗaya kamar masu cigiyar abin da ya ɓace. Waɗannan su ne ƴan sitaji, wato ɗalibai masu koyon makamar aiki, kuma da dama daga cikinsu sun fito ne daga sashen aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. An kafa jami'ar a shekara ta 2010, daga baya aka raɗa mata sunan wannan ɗan Maraɗi da ya riƙe ministan ilimi a zamanin Diori Hamani. Tashar Tarna kuwa ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba. Tun zamanin Turawa ake gwajin iri a cikinta, sa'annan ta koma hannun INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, wadda aka kafa a 1975 lokacin da ƙasar ke fitowa daga babban fari. Malaman jami'a da masu binciken cibiyar suna aiki tare, ta haka ɗalibi kan ɗauki karatu a aji, ya zo nan ya ga zahiri.

Kwanakin farko na zagayawa ne. Ana nuna wa ɗan sitaji gonakin gwaji, waɗanda aka yanka ƙanana ƙanana, kowane yanki da allonsa da lambarsa. A nan zai ji sunayen ire-iren hatsi da bincike ya fitar, irin su HKP da CIVT da Zatib, da kuma Chakti, mai saurin nuna da yawan sinadarin ƙarfe, wanda aka ba manoman Nijar a 2018. Baƙo ya kan yi mamakin ganin an shibka iri guda a wuri uku ko huɗu cikin gona ɗaya. Dalili shi ne ƙasa ba ɗaya ba ce: hatsin da ya tashi ƙarƙashin gawo, ko inda shanu suka taɓa kwana, zai fi na tsakiyar jigawa kyau ko da irinsa bai fi ba. Sai an maimaita gwaji, an auna, an kwatanta, kafin a ce wannan iri ya fi wancan.

Daga nan sai wajen ajiya, inda ake nuna buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara bazawa a ƙasashen yammacin Afirka a 2007 tare da Jami'ar Purdue ta Amurka. Leda biyu ne masu kauri cikin buhu ɗaya. Idan aka ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare a ciki, ƙwaron wake ya daina ci, ya mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba.

Amma inda ƴan sitaji suka fi daɗewa shi ne ɗakin kiwon ƙwari, domin a nan ake shirya yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Manoma sun san ta sarai, musamman tun bayan farin 1973 da 1974 lokacin da ɓarnarta ta yi tsanani a yankin Sahel. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, wanda ke zuba ƙwai bisa zangarniya tun tana sabuwar fitowa. Tsutsar ta kan bi zangarniyar tana murɗawa tana yanke fure, ta bar sawu a karkace, idan ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa ta kwanta har wata damana. A mugunyar shekara ta kan tafi da fiye da rabin amfanin gona, alhali manomi ya riga ya gama shibka da noman fari da maimai, ya zuba ido yana jiran kaka.

Maganin da masu bincike suka kama shi ne wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, sunansa a kimiyance Habrobracon hebetor. Ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne, sai dai a daji ya kan makara, ba ya yawaita sai ɓarna ta riga ta auku. Macen ta kan harbi tsutsa ta shanye mata jiki, ta zuba ƙwai a kanta, ƴaƴan kuma su tsotse ta. A ɗakin bincike ana kiwonsa bisa tsutsar wani ƙwaron rumbu mai suna Corcyra. Tun daga 2006 aka shiga sakinsa cikin ƙauyukan Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma Farfesa Ibrahim Baoua, masanin ƙwari da ya yi aiki a INRAN ta Maraɗi kafin ya koma jami'a, yana cikin waɗanda suka ja gaban aikin. Dabarar ba ta da tsada: ƴar jakar algarara, a zuba mata hatsi da gari, a sa tsutsa 25 da macen zanzaro biyu, a kai jaka 15 ƙauye guda a rataya. Bayan mako ɗaya zuwa uku sababbin zanzaro su riƙa fitowa ta ramukan jakar suna bazuwa cikin gonaki.

Aikin ɗan sitaji a wannan ɗaki ƙidaya ce da tsabta da haƙuri. Wanda ya yi sakaci tururuwa ta shiga, ko zafi ya yi yawa, to aikin wata guda ya tashi a banza.

Sashe na biyu na sitaji shi ne koyon jagorancin jama'a, kuma a nan ne ake gane wanda zai zama malamin gona na ƙwarai. Zanzaro bai san iyakar gona ba. Idan aka sake shi a gonar wane, har ta maƙwabcinsa zai shiga. Idan kuma mutum ɗaya ya fesa maganin ƙwari a lokacin, ya kashe na kowa. Ke nan dole gari duka ya yarda, kuma ya yarda cikin ƴan kwanaki, domin idan aka saki jakunkunan bayan tsutsa ta sauka ƙasa an yi aikin baban giwa. Saboda haka ake koya wa ɗalibi yadda ake shiga gari: ya fara sauka wajen mai gari, ya gai da liman da sarkin noma, ya bari a sa ranar taro a lokacin da mutane suka dawo daga gona. Ana koya masa ya ajiye Faransancin aji ya yi bayani da Hausar da tsoho zai gane, ya nemi mata a nasu zama tunda da yawa suna da gamana tasu, ya raba aiki ya rubuta wanda ya ɗauki kowace jaka da inda ya rataye ta. Ƙungiyoyin manoma irin su FUMA Gaskiya ta jihar Maraɗi sun daɗe suna aiki da masu bincike, kuma wajen shugabanninsu ɗalibi kan koyi abin da babu shi cikin littafi.

Ba kullum abin ke tafiya sumul ba. Saurayi ɗan shekara 23 da ya zo ya gaya wa mai furfura cewa ƙwaro zai kashe ƙwaro, ba mamaki a yi masa dariya a zaure. Gardama ba ta da amfani a nan. Mai wayo ya kan yi shiru har bayan mako biyu ko uku, sa'annan ya ja dattawa zuwa gona, ya buɗe zangarniya ya nuna musu tsutsa ta yi baƙi ta bushe, da ƴan fararen gidajen zanzaro kusa da ita. Akwai kuma tambayar da ba a gama warwarewa ba: zanzaron ba ya ƙetare rani da yawan da zai isa, sai an sake sakinsa, to wa zai biya kuɗin jakar da amfaninta ke zuwa ga kowa? An gwada danƙa kiwon a hannun ƙungiyoyin manoma da ƙananan masu sana'a domin a riƙa samun jakunkunan kusa, kuma shawo kan gari ya haɗa kuɗin yana cikin nauyin da ke jiran waɗannan matasa idan suka kama aiki.

Cikin watan Satumba, kafin a fara yankan hatsi, ƴan sitaji kan koma gonakin su ƙidaya zangarniyar da ke da sawun murzuna da tsutsar da ta mutu, su kwatanta da ƙauyen da ba a kai wa jaka ba. Da waɗannan alƙaluma kowane zai rubuta rahoton da zai kare gaban malamansa. Wanda ya riƙe horon da aka ba shi kuwa ya kan sake komawa ƙauyen bayan kaka, ya zauna bisa tabarma a ƙofar mai gari, ya karanta wa mutane abin da aka samu a gonakinsu.